Inuwa ba ajiya ba ce

Ƙarshen wata ya zo. A ɗauki misalin wani babban ɗan kasuwa mai mangaza uku: ɗaya a Maraɗi inda gidansa yake, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai. Kowace mangaza da kwamfutarta, kowace kwamfuta kuwa tana riƙe da lissafin kayan da suka shiga, da waɗanda suka fita, da sunayen mutanen da ake bi bashi. Alhaji ya zauna ya ce a faɗa masa buhun shinkafa nawa ya rage gaba ɗaya, da kuma jimillar kuɗinsa da ke hannun mutane. Aka yi ta buga talho, aka aiko takardu ta mota, aka kwana biyu ana tarawa ana ɗebewa, ƙarshe dai lissafi bai hau ba.

Sai ya kira ɗan ƙanensa, wanda ya gama karatun kwamfuta bana, ya ce: "Kai da ka yi lakwal, haɗa mini waɗannan littattafai wuri guda. Kuma ka yi dabarar da ko wata na'ura ta mutu ba zan rasa komi ba." Yaron ya russuna ya ce: "To Baba, yadda kuka ce haka za a yi." Ya amsa da baki, amma cikinsa ya ɗuri ruwa, domin a aji an koya masa aiki da sunayen ƙarya ne da lambobin wasa, ba a taɓa ɗora masa dukiyar mutum ba.

Ba a kasuwa kaɗai ake jin irin wannan magana ba. Akwai ƙaramin ma'aikacin da shugaban biro zai miƙa ma jerin sunayen ma'aikata na jihohi daban-daban ya ce ya mai da su jeri ɗaya kafin ranar albashi. Akwai na ma'aikatar magajin gari da aka ba rijistar haihuwa ta unguwanni. Dukansu umurni ɗaya aka ba su a baki, amma ayyuka uku ne a ciki: haɗa littattafai da yawa su zama ɗaya, da kafa na'ura ta biyu mai bin sawun ta farko, da kuma yin ajiyar da za a koma ma ranar da abu ya ɓaci. Asara takan shigo ne ta inda mai koyo ya yi ɗaya daga cikin ukun ya ɗauka ya gama duka.

Uwa da ɗiya

Rumbun bayanai, wanda ake kira base de données da faransanci, littafin lissafi ne da ke cikin na'ura, an tsara shi layi-layi da gida-gida yadda za a tambaye shi ya ba da amsa nan take. Tsarin da aka fi aiki da shi ya samo asali daga wata takarda da Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya buga a 1970. Manhajoji irin su MySQL da MariaDB da PostgreSQL, waɗanda ake samu kyauta, duk a kan wannan tushe aka gina su.

Bin sawu kuwa, wato réplication, ga yadda yake gudana. Na'ura ta farko, wadda za a iya kira uwa, ita ce ake rubutu a cikinta. Duk abin da aka canza tana shigar da shi bi da bi cikin wani littafin yini, kamar dai yadda magatakarda ke rubuta cinikin rana ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai shi babban littafi. Na'ura ta biyu, wato ɗiya, tana karanta wannan littafin yini ta hanyar rezo, tana maimaita kowane layi yadda aka jera shi. MySQL yana da wannan dabara tun farkon shekarun 2000, PostgreSQL kuwa ya shigo da irin tasa a siga ta 9.0 cikin 2010.

Kafa ta ba ya da wuya ga mai bi a hankali. Ana ba kowace na'ura lambarta ta daban. Ana buɗe ma ɗiya izini na musamman wanda bai wuce karanta littafin yini ba. Ana ɗaukar cikakken kwafin uwa a wani lokaci sananne a zuba ma ɗiya, sannan a nuna mata layin da za ta tashi daga kansa. Ana kulle ta yadda ba mai iya rubutu a cikinta sai abin da ya zo daga uwa. Ana kuma kula sigar manhajar da ke kansu biyun ta dace da juna.

Sai zaɓi guda da ya kamata mai dukiya ya sani, ba yaro kaɗai ba. Ana iya cewa uwa ta jira ɗiya ta tabbatar da kowane rubutu kafin a ce ciniki ya shiga. Wannan ya fi tsaro, amma idan uwa tana Maraɗi ɗiya tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, to ranar da rezo ya faɗi mai saye zai tsaya gaban kanta da kuɗinsa a hannu. Ana kuma iya barin uwa ta ci gaba da aikinta, ɗiya ta riƙa biyo ta a baya. Wannan ya fi sauri, kuma shi ne wanda manhajojin nan ke zuwa da shi in ba a canza ba, sai dai ranar da uwa ta mutu, abin da bai kai ga ɗiya ba ya tafi. Haka kuma idan ɗiya ta daɗe a yanke, ɗayan biyu: ko uwa ta zubar da tsofaffin shafuffukan littafin yini, ɗiya ta rasa inda za ta kama sai an sake zuba mata komi daga farko, ko kuwa uwa ta yi ta tara mata shafuffukan har faifanta ya cika ta tsaya cik.

Abin da ɗiya ba ta yi

A nan ne mai koyo ke yawan yaudarar kansa. Ya ga na'ura biyu suna nuna abu ɗaya, sai ya ce ai yana da ajiya. Alhali ɗiya inuwa ce: in sanda ta karkace, haka inuwarta za ta karkace. Idan magatakarda ya share sunayen masu bashi bisa kuskure a Maraɗi, ɗiya za ta share su a Yamai kafin ya ɗauke hannu daga kan teburi. Idan ma'aikaci marar amana ya rage sifili ɗaya daga wani bashi, ɗiya za ta rage. Tana tsare mutum daga mutuwar na'ura da gobara da ɓarawon da ya sunkuci kwamfuta, amma ba ta tsare shi daga hannunsa. Ajiya ita ce kwafin jiya da na shekaranjiya da na makon jiya, wanda aka ɗauke aka kai wani wuri ba ya motsi, kamar irin da manomi ke warewa ba a taɓa shi sai damina.

Ko ƙwararru sun sha wannan darasi. Ranar 31 ga Janairun 2017, a kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, ɗiyar rumbunsu na PostgreSQL ta yi baya har ta kasa kamo uwa. Maganin shi ne a share abin da ke cikin ɗiya a sake zuba mata. Wani injiniya da ya yini yana aiki, dare ya yi masa, ya ba da umurnin sharewa, ashe a kan uwa yake tsaye ba ɗiya ba. Kafin ya ankara ya tsai da umurnin, daga cikin gigabait kusan 300 saura kamar 4,5 kawai. Aka juya ga ajiya, sai aka tarar ajiyar kullum ta daɗe ba ta aiki: kayan ɗaukar kwafin na siga ta 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, kuma saƙon da ke sanar da gazawar ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu domin gwaji kamar sa'a 6 kafin nan. Aka kwashe kusan sa'a 18 ana mai da shi, aikin sa'o'in nan shida kuwa ya salwanta: ayyukan mutane wajen 5.000 da sababbin masu rijista wajen 700.

Darasin biyu ne. Ajiyar da ba a taɓa gwada mai da ita ba, zato ce kawai. Sannan uwa da ɗiya kamarsu ɗaya a fuskar allo, don haka wajibi ne a bambanta su da suna da launi, kuma kada a taɓa su cikin gajiya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Tarko na biyu shi ne ranar da ɗiya ta ɗauka uwa ta mutu, alhali tana raye. Ranar 21 ga Oktoban 2018, a kamfanin GitHub na Amurka, hanyar sadarwa ta yanke ma babbar cibiyarsu ta gabashin ƙasar na daƙiƙa 43 kacal lokacin wani gyara. Manhajar da aka ɗora ma sa ido ta naɗa na'urorin yammacin ƙasar su zama uwaye. Ko da hanya ta dawo, gabas tana riƙe da wasu rubuce-rubucen da yamma ba ta samu ba, yamma kuma ta fara karɓar sababbin da gabas ba ta sani ba. Yankewar daƙiƙa 43 ta jawo sa'a 24 da minti 11 ana aiki da tangarɗa.

Wannan labari ya shafi duk mai aiki inda wuta da rezo ba su da tabbas. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu, har da Nijar wadda ba ta da bakin teku. Ɗaukewar wuta kuwa ba sai an ba kowa labarinta ba. A irin wannan wuri, mai koyon da ya bar ma na'ura ikon naɗa sabuwar uwa da kanta ya ɗebo ruwan dafa kansa. Gara naɗin ya zama da hannun mutum, bayan an buga talho an tabbatar tsohuwar a kashe take. Haka nan tsarin da ake rubutu a na'ura biyu lokaci guda, ko da manhaja ta yarda da shi, ba na ɗan koyo ba ne. Idan Damagaram ta sayar da buhu na ƙarshe, Yamai ma ta sayar da shi cikin minti ɗaya, ba na'urar da za ta raba wannan gardama sai an riga an faɗa mata maganar wa ke sama.

Haɗa littattafai uku

Saura aikin da Alhaji ya fi matsuwa a kansa, wato haɗewa. Kayan aikin suna nan: MySQL tun siga ta 5.7 ta 2015 yana barin ɗiya guda ta bi uwaye da yawa, PostgreSQL kuma tun siga ta 10 ta 2017 yana barin a zaɓi wasu sassan rumbu kaɗai a riƙa aika su wani wuri. Amma wahalar ba ta na'ura ba ce. Tana cikin abin da mutane suka rubuta.

Da farko lambobi. Kowace mangaza ta fara ƙirga abokan cinikinta daga 1. Mai lamba 15 a Maraɗi ana bin sa jika 500, mai lamba 15 a Damagaram ba a bin sa ko dala. In aka zuba su wuri guda ba tare da shiri ba, ko na'ura ta ƙi karɓa, wanda shi ne sauƙin abin, ko ɗaya ya danne ɗaya, bashi ya koma kan wanda bai ci ba. Maganin shi ne a ba kowane layi sabuwar lamba, a kuma ajiye kusa da ita sunan mangazar da ya fito da tsohuwar lambarsa, domin duk ranar da gardama ta tashi a iya komawa tushe.

Na biyu sunaye. Mutum ɗaya an rubuta shi Mahamadou a nan, Mahamane a can, Muhammadu a wani wurin. Kuma ga mutum uku daban-daban masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Na'ura tana iya jero waɗanda suka yi kama, amma hukuncin cewa wane shi ne wane na mutumin da ya san su ne, da taimakon lambar talho ko ta katin ɗan ƙasa. A jerin albashi, mutum ɗaya da aka ƙirga biyu asarar baitulmali ce. Mutum biyu da aka mai da ɗaya kuwa, magidanci ne zai koma gida hannu wofi.

Na uku awo da kuɗi. Wani ya rubuta 100 yana nufin dala ɗari, wato sefa 500, wani ya rubuta 100 yana nufin sefa ɗari. Mai hulɗa da ƙetaren iyaka ya saka naira a gidan da wasu ke saka sefa. Wannan yana ƙirga katan, wancan yana ƙirga ɗaiɗai. Takardar da aka rubuta 03/04 a tsarin faransanci 3 ga Afrilu ce, a na'urar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ce, kuma wa'adin biyan bashi yana iya gocewa da wata guda ta wannan hanya.

Na huɗu baƙaƙe. Tsohon tsarin rubutun na'ura na yammacin Turai, wanda ake kira Latin-1, yana ɗauke da é da è na faransanci, amma ba ya da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan sabon rumbu bai tsaya kan UTF-8 ba, sai a wayi gari Ɗanladi da Ƙonni sun koma alamar tambaya, mai nema ya nema ya rasa.

Duk waɗannan ana yanke su ne da biro da takarda, a gaban masu riƙe da littattafan, kafin a kunna na'ura. Tun ran gini ran zane.

Kada a tashi gari dare ɗaya

Ko an shirya komi, ranar ƙaura ita ma tana da nata haɗari. A ƙarshen makon 20 zuwa 22 ga Afrilun 2018, bankin TSB na Ingila ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa fiye da miliyan 5 daga tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabo na Sabadell, bankin Sipaniya da ya saye shi. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar aikin. Mutane wajen miliyan 1,9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka ga asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba na shekarar, a Disamban 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48,65. Banki ne mai injiniyoyi da dukiya, amma da gwaji bai isa ba, ba abin da suka tsare.

Saboda haka ga jerin da ya dace ɗan Alhaji ya bi. Ya fara da ajiyar kowace mangaza, ya mai da ita a kan wata na'ura ta daban ya ga da idonsa tana buɗewa. Ya yi gwajin haɗewar a kan kwafi, sau biyu ko uku, yana rubuta kowane mataki a takarda. Bayan kowane gwaji ya ƙirga: idan Maraɗi tana da layi 4.000, Damagaram 2.500, Yamai 3.500, to sabon rumbu ya nuna 10.000, ko kuwa a san dalilin kowane layin da ya ragu. Jimillar bashi ma ta yi daidai har zuwa dala ta ƙarshe. Ya shigar da mangaza ɗaya tukuna, a ranar da ba kasuwa, ya bar ta ta yi mako kafin ya taɓa ta biyu. Tsofaffin na'urori kada a share su, a kulle su ga karatu kaɗai har an rufe lissafin wata ɗaya ko biyu lafiya. Sai bayan rumbu ya zauna da gindinsa ne za a kafa masa ɗiya, a kuma riƙa duba kowace safiya nisan da ke tsakaninta da uwa. Ajiya kuwa ta ci gaba kullum, kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban.

Akwai kuma amana. Littattafai uku da suka zama ɗaya sun tara sirrin mutane wuri guda: sunansu, lambarsu, bashinsu, albashinsu. Ɓarawon da a da sai ya fasa ƙofa uku, yanzu ɗaya ta ishe shi. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, kuma ko ba don doka ba, bai kamata mai sayar da kaya a kanta ya iya ganin abin da mai gida kaɗai ya kamata ya gani ba. Kowa da kalmar sirrinsa, kowa da iyakarsa.

Shi kuwa Alhaji, ko shugaban biro, ba sai ya san ko umurni ɗaya na kwamfuta ba kafin ya tsare dukiyarsa. Tambaya uku sun ishe shi. In an share wani abu yau bisa kuskure, daga ina za a dawo da shi, kuma yaushe aka gwada hakan? In hanya ta yanke tsakanin garuruwa, littafin wa ne gaskiya? In sabon tsari ya ƙi aiki ran Litinin da safe, cikin sa'a nawa za a koma tsohon? Yaron da ya ce: "Baba, ku ba ni mako uku in gwada tukuna", ba raggo ba ne, shi ne ya gane nauyin da aka ɗora masa. A ba shi makonnin, a ba shi tsohuwar na'ura guda ya yi kuskurensa a kanta, tun da kuskuren bai kai ga littafin bashi ba.

Allah ya tsare dukiyar kowa.